Taku Huɗu Daga Mota

"Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa motar asibiti, ba wanda ya taɓa cikawa a motata," in ji Jiniya, muna cusa telan layinmu a kujerar baya. "Ba kuma a kanka za a fara ba, mai ɓata yadin mutane."

Mun ji wannan kirari sau dubu. Tun da maƙwabcin nan nawa ya yi ritaya ya sayi wata tsohuwar mota, yake duba lafiyar 'yan layinmu, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba. Amma ran nan da hantsi, da tela ya sulale daga kan kekensa na ɗinki, shi kaɗai ya san abin yi. Ni da digirina na ce yunwa ce. Jiniya ya shafa goshinsa ya ji gumi mai sanyi, ya lalubi wuyan hannunsa ya ji bugun ya sirance, ya tambaye shi ko ciwon ƙirjin ya hau haɓa. Jiniya ya ce zuciya ce, kuma jini ya fara sauka. Ya ɓallo asfirin ɗaya da ta rage a aljihunsa, ya ce taunawa ake yi, ba haɗiya ba.

A hanya na lura da hannu ɗaya yake tuƙi, na hagun yana yashe a cinya, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na ce ko in karɓe shi. Ya ce kumburin ciki ne, kuma ya sha ganin yadda nake shigar da mota gida, gara ciwon.

"Malam, kai dai tallafe kansa, ka yi ta jan sa da hira."

A ƙofar asibiti ya zayyana wa nas-nas lokacin da abin ya fara da abin da aka ba shi. Suka ruga da tela. Shi kuma ya kashe mota, ya fito, ya kulle, ya miƙo mini makulli, ya zauna a bakin dakali. Taku huɗu ne. Daga baya na ƙirga.

Tela ya tashi. Likita ya ce da an ƙara minti ashirin, da wani labarin ake yi. Jiniya kuwa, ko da aka ɗago shi, ya riga ya tafi.

Da na kai wa matarsa makullin, na ba ta labari, ta ce ƙwayar asfirin ɗin nan tasa ce, likita ya ɗora shi a kanta tun bara, mijin kuma ya hana ta faɗa wa kowa. Ta jima tana juya makullin.

"A cikin motar ne?"

"A'a, Yaya. A waje."

Ta gyaɗa kai, ta ƙulle shi a gefen zaninta.