Gam a Gilashin Gingimari

"Wayyo, ya zuba!"

Gam ya tsiyayo daga bakin kwalba ya sauka kan gilashin gaban 'yar motar robar da Auta ke haɗawa, ɗan abin da bai fi farcen yatsa ba. Auta ta wawuri gefen mayafinta ta goge. Nan take robar ta yi fari fat.

"Me ya zuba, uwata?" in ji Kawu daga kujerarsa.

"Ba komai."

"Ƙarya. Ido ne ya gaji, hanci yana nan."

Gobe za a yi wa Kawu aikin ido, likita kuwa bai yi alkawarin komai ba. Abu ɗaya tsohon ya roƙa: ya ga 'yar gingimarin nan ta roba a haɗe, irin wadda ya tuƙa tun yana saurayi, kafin a taɓa ɗan ganin da ya rage masa. Shi ya sayo kwalin kayan haɗa ta, hannunsa ya ƙi daina rawa, aiki ya faɗo kan 'yar ƙanwarsa.

Auta ta birkice teburin kaf tana neman madadin gilashin. Taya ta gangara ƙarƙashin gado, takardar zane ta manne mata a gwiwar hannu. Babu wani gilashin a kwali. Ta kankare gam ɗin da reza, abin ya ƙara dagulewa. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa.

"Kin ishe ni da safa da marwa. Miƙo ta nan."

Ya kai motar dab da idonsa na hagu har tana taɓa masa hanci. Ya daɗe yana juya ta.

"Sitiyari ya zauna. Fenti kam kin zabga, sai ka ce amarya. Ina gilashi?"

"Na lalata shi, Kawu."

"Jefar. Ni da na yi shekaru ina tuƙa ta ba gilashi, ƙwari nake ci a hanya." Ya tuntsire da dariya, sannan ya tsuke fuska. "Amma ƙofar direba da fitilu, sai na gan su a jiki."

"Kafin rana ta faɗi, in sha Allahu."

Ta ɗauki ƙofar da hantsaki ke nan aka yi sallama. Wani dogon mutum ne da farar riga, ba su taɓa ganinsa ba, yana haki.

"Nan ne gidan mai aikin ido? Daga asibiti aka aiko ni. Likita tafiya ta kama shi gobe, an dawo da aikin yau. Baba, tashi, mota tana waje."