Shayin Yaya

Auta ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya miƙe tsaye a kan katakon rufin da bai gama ba. Shayin da yayansa ya zuba wa ma'aikata da safe har yanzu yana ɗumama masa jiki. Kwatsam hasken rana ya dushe masa kamar an rage fitila. Guduma ta suɓuce daga hannunsa, ya ji ƙararta a ƙasa, sannan shi ma ya bi ta.

*

A asibiti aka ɗaure masa ƙafa. Matarsa na zaune a bakin gado. Yaya, wanda shi ne ɗan kwangilar ginin, yana tsaye yana juya mukullin mota a yatsa. Likita ta shigo ta ja kujera.

"Malam, karaya za ta warke," ta ce a hankali. "Abin da ya kayar da kai nake so mu tattauna. Jijiyoyin jini kamar tiyon ruwa suke, sai dai su suna matsewa, suna saki. Akwai wasu siraran jijiyoyi masu kai musu saƙo. In mutum ya miƙe daga tsugune, jini yakan gangara ƙafafu, sai saƙo ya iso cewa a matse, jinin ya koma kai. To, a jikin masu kai saƙon akwai ƙananan gurabe, kamar kwaɗo mai jiran mabuɗi. Ƙwayoyi irin su tiramol suna shiga gurbin daidai, su kashe wa ɗan aiken jiki. Ka miƙe, saƙo ya makara, kanka ya rasa jini. Mun ga ƙwayar a gwajin fitsarinka."

Auta ya yi dariya, don ya ɗauka kuskure ne. "Likita, ni fa ko maganin ciwon kai sai matata ta yi da gaske nake sha."

"In ka daina za ka sha wuya," likita ta ci gaba da tausayi. "Jijiyoyin za su farka da ƙarfi. Hannu zai yi sanyi, jiki ya yi ta rawa. Amma yana wucewa."

Mukullin mota ya daina juyawa.

"Haba Auta!" in ji Yaya. "Ni na raine ka, ni na ɗora maka guduma a hannu. Da wannan abin kunya za ka saka mini?" Ya girgiza kai ya fita.

Matar Auta ta sunkuyar da kai. Tana tuno yadda mijinta yake dawowa da yamma yana soshe-soshe, yana gyangyaɗi a gaban abinci, tana tsokanarsa da tsoho. Ashe ita ce abar dariya.

*

A gida komai ya zo kamar yadda likita ta faɗa. Hamma ba ta ƙarewa, hanci na zuba, tsigar jiki a tashe. Yana gumi, amma yatsunsa kamar an tsamo su daga randa.

Matarsa takan ajiye masa ruwa ba tare da ta dube shi ba.

"Wallahi ban taɓa sha ba," ya ce, haƙoransa na haɗuwa.

"Baban yara, daina rantsuwa. Jikinka ya riga ka magana." Ta gyara masa bargo. "Zan yi jinyarka. Ranar da ka taka ƙafarka, zan kwashe yara mu tafi gidanmu."

Ya juya fuskarsa bango. Wannan magana ta fi karayar ciwo.

*

Wata la'asar Yaya ya yi sallama, riƙe da jan fulas ɗin da duk ma'aikatansa suka sani. Shi da kansa yake zuba musu kowace safiya, har suna wasa cewa shayin Yaya ko gurgu ya sha sai ya hau tsani.

"Amaryarmu, kawo kofi," ya ce da fara'a. "Sha, Auta, za ka ji daɗin jikinka."

Auta ya sha. Yaya ya zauna yana ba shi labarin ginin, wa ya zo, wa ya yi lalaci. Kafin hirar ta ƙare hamma ta ɗauke, rawar jiki ta lafa. Matar ta zo ɗaukar kofi, hannunta ya taɓa na mijinta. Da ɗumi. Ta tsaya cak, ta sake taɓawa, ta dubi fulas ɗin.

Ta cika kofin, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu.

"Yaya, bismillah. Kai ma ka sha."

"A'a, ba na shan shayi da rana."

"Da safe ma ban taɓa ganin ka sha ba," in ji Auta. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake magana.

Yaya ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Kai yaro ne? Wa ke yi wa gida rufi cikin wannan rana da ƙarfin abinci kawai? Kowa haka yake yi. Don ku samu aiki na yi."

"A gaban matata ka ce na ba ka kunya, Yaya."

"To, me kake so in ce a gaban likita?" Ya nuna fulas da baki. "Na bar maka. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan."

*

Bayan ƙarar motar ta ɓace, matar ta zauna a bakin gado, ta riƙe hannun mijinta. Ɗumin da ta daɗe tana roƙon Allah ya dawo, ga shi ya dawo, kuma ta san daga inda ya fito.

"Ka yafe mini," ta ce.

Ya gyaɗa kai, amma idonsa ba a kanta yake ba. Ta bi inda yake kallo. Sai ta tashi ta ɗauki fulas ɗin ta fita tsakar gida.

Daga kan gado Auta ya ji ta buɗe murfin, ya ji shayin yana zuba a makwarara. Ya kasa kunne har ɗigon ƙarshe. Hawaye ya gangaro masa cikin kunne, bai kuma san wanne yake yi wa kuka ba, yayansa ko shayin.