Kananzir a Ƙafar Gadon Inna

Auta ake kiranta har yau, ko da yake furfura ta fara yi mata sallama. Tun da tsufa ya kwantar da Inna, hankalinta ma yana zuwa yana komawa, ita ta dawo tsohon gidansu tana jinya. Jinyar ba ta dame ta ba, cinnaku ne suka sa ta a gaba. Kullum safiya sai ta tarar sun hau gado sun cicciji tsohuwa a wuya da hannu. An yi shara, an yi feshi, feshin ya tayar wa Inna da tari, su kuwa ko a jikinsu.

Ran nan yayanta ya zo, ya ga cizon, ransa ya ɓaci.

"Shi ke nan, da yamma zan zo da mota. Gidana bene ne, ba cinnaka ba kiyashi."

Inna ta ƙanƙame ƙarfen gado. "A ɗakin nan na haife ku. Ku bar ni a ɗakina."

"Haba Inna, ƙwari su cinye ki muna kallo?" Ya juyo kan Auta. "In na dawo na ga ko ɗaya a kan katifa, haɗa mata kaya za ki yi."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Amma Auta ta san in aka raba Inna da tagar nan da maƙwabta ke leƙowa suna gaishe ta, baƙin ciki zai riga ciwo kayar da ita.

Tana shirin jefar da gwangwanin madara sai ta tsaya cak. Kananzir! Ai a da ɗan gida ne. Shi ne a fitila, shi ne a risho, da shi Baba ke wanke sarƙar kekensa. In kwarkwata ta shiga kai kuwa, Inna ta matse ki tsakanin gwiwoyi ta shafa miki, ki wuni kina wari ƙawaye suna toshe hanci. Shekarar da Auta ta faɗo daga katanga ta karye, a gadon nan aka kwantar da ita, Inna ta saka kowace ƙafa tasa cikin gwangwani ta tsiyaya kananzir. Ko cinnaka ɗaya bai hau ba har ta warke. A lokacin ne ma fitilarsu ta lalace, aka yi ta kwanciya da wuri kamar kaji, Yaya yana ta ƙunƙuni an hana shi karatu.

Ta yafa mayafi ta fita nema. Mai shagon bakin layi har da ƙyalƙyala dariya: "Kananzir? Ai gas ya kore shi tuntuni!" Sai can wajen mai gyaran keke ta samo rabin kwalba.

Ta janye gado daga bango, ta tattare zanin da ke jan ƙasa. Da ƙyar da nishi ta saka ƙafa uku cikin gwangwanaye, ta huɗun ta gagara, don nan nauyin Inna yake. Tana cikin tsiyayawa Yaya ya yi sallama, makullin mota a hannu.

"Ke Auta, wane irin shirme ne wannan? Gobara kike nema mana?"

Warin ya riga ya cika ɗakin. Inna ta buɗe ido, ta dubi kwalbar, ta kira Yaya da sunan da take kiran Baba.

"Maigida, shi ke nan wanda ya rage? Zuba mata duka, kada su ciji yarinyar nan, ga karaya ga cizo." Ta rage murya. "Yaron in ya tambaya, sai in ce fitilar ce ta lalace."

Auta ta ajiye kwalbar. Ta ɗago ta dubi yayanta, shi kuma ya kasa dubanta. Sai ya jefa makullin a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa ya kama ƙarfen gadon.

"Miƙo gwangwanin," in ji shi.