Gwiwata da Bakin Tamar

Tun a Kafanchan, kafin mu hau kekunanmu, shugaban tafiyar, Oga Nicholas, ya karanta mana ƙa'ida. Bibbiyu ake tafiya. Ba ka barin abokin tafiyarka a baya, sai in an sa shi a motar da ke bin mu. Wanda kuwa ya shiga motar nan ko sau ɗaya, ba ya cikin waɗanda suka gama.

Ni gamawa nake so. Shekarata hamsin da huɗu, wata bakwai ina tuƙa keke kafin in tafi makarantar da nake koyarwa. Kwana biyar ne zuwa Kajuru, na ce da ƙafata zan shiga.

Tamar na zaɓa. Wa zan zaɓa in ba ita ba? Shekara ashirin benci ɗaya muke zama a zumuntar mata ta cocinmu. A tafiyar nan kullum mu ne na ƙarshe, ban musa ba. Mu ci dafaffiyar masara a bakin hanya, mu yi facin taya tare, in muka iso masauki sauran har sun shanya wanki. Bayan Godogodo gwiwata ta hagu ta fara kumbura. Ita kaɗai na nuna wa. Ta shafa mini man zafi, ta ce, “Ƙawa, bakina ƙanin ƙafata.”

Ranar ƙarshe ta tafiyar, a Kachia, mun gama addu'ar safe na fito, sai ga kekena ɗaure a saman mota.

“Wa ya taɓa mini keke?”

Oga Nicholas ya ƙi kallon idona. “Malama Afiniki, ki yi haƙuri. Nas Milka ta ce ki huta.”

Na yi masifa, wallahi na yi. Na tsuguna na miƙe sau uku a gabansu. Milka ta latsa gwiwar, na cije leɓe na daure. Duk da haka aka buɗe mini ƙofar mota. Na waiga neman Tamar ta sa baki, ashe tana can gaba cikin masu gudu, tana gyara hular kwanonta.

Muna cikin mota na ce, “Sista Milka, tsakaninki da Allah, kumburin nan ya isa a sauke mutum?”

“Kumburi kaɗai? A'a, da na ɗaure miki kin ci gaba. Faɗuwar ce ta ba ni tsoro.”

“Wace faɗuwa?”

“Tamar ta ce jiya sau biyu kika faɗi, har kika roƙe ta kada ta faɗa.”

Ni? Ko ƙafa ban sauke a kan tudu ba jiya! Sai a lokacin na gane. Ta gaji da zama ta ƙarshe, kuma ƙa'ida ba ta sakin ta sai ina cikin mota. Raina ya ɓaci. Da ta ce mini ta gaji, da na nemi wani abokin tafiya, ai ba aure aka ɗaura mana ba.

A Kajuru ita ce mace ta farko da ta iso. Aka kira sunaye ashirin da uku, babu nawa. Ta zo da lambar yabonta a wuya, tana haki, ta buɗe hannu.

“Ƙawa, don lafiyarki na yi fa.”

Na ce, “A ina na faɗi, Tamar? Nuna mini wurin, in je in gani.”

Ta sauke hannunta.