Layin Burodi a Hayyin Ashir

Ukasha ya daɗe yana zama mace, amma a cikin ɗaki kawai. A can saman wani tsohon bene a Hayyin Ashir, wata unguwa a Alƙahira, in ya dawo daga shagon ɗinki sai ya ja sakata, ya saki labule, ya zura baƙar abaya, ya zizara kwalli. Daga gado zuwa taga, daga taga zuwa gado, iyakar yawonsa ke nan. Burin nasa ma bai taka kara ya karya ba. So yake ya sauka titi da rana a haka, ya je ya dawo, kowa ya ɗauke shi a yadda ya fito.

Lawali ne ya hana shi. Lawali ɗan daudu ne da ke sayar da tuwo a tashar garinsu can gida, mutum mai fara'a da iya rangwaɗa. Wata ranar kasuwa samari suka taso masa, suka yaye masa zane a gaban jama'a, suka bi shi da duka da ihu da dariya har bayan gari, Ukasha na kallo. Ba a sake ganinsa ba, ba kuma wanda ya tambaya. Dukan bai tsaya wa Ukasha a rai kamar dariyar ba. Ita ce ta biyo shi har Alƙahira, ta zauna da shi a ɗakin ɗalibai, ta raka shi lokacin da ya ajiye karatu ya kama ɗinki. Duk sanda ya kai hannu sakata cikin abaya, sai ya ji ta a matakala tana jiransa. Wani lokaci in ya duba madubi, idon Lawali yake gani a cikin kwallin.

Mutum ɗaya ce ta san sirrin, maƙwabciyarsa Sulafa, Bahaushiyar Sudan mai yi wa amare ƙunshi. Ranar da ta fara ganinsa a haka ba ta ko yi salati ba, cewa ta yi kwallin ya karkace. Ita ta raɗa masa suna Amani, kuma in suna su biyu da shi take kiransa.

Wata safiya ta shigo ta tarar da shi a shirye, har da niƙabi da safar hannu, yana tsaye a bayan ƙofa kamar wanda aka dasa.

"Amani, abayar nan ta gaji da kallon bango," in ji ta. "Yalla, maza sauka ki sayo mana burodi."

"Yaya Sulafa, in aka gane ni fa? Kin san nan ba duka kaɗai ba ne, har da 'yan sanda."

"Na sani, ba zan ce miki babu ba. Amma ba baki za ki buɗe ba. Ki nuna da yatsa, ki karɓa, ki juyo, khalas, shi ke nan. Ki dai rage faɗin takun nan, tafiya kike kamar mai bin mota. Ina baranda ina kallonki."

Ya sauka. Rana ta dake shi ta cikin baƙin yadin, numfashinsa na dawo masa da zafi. Direbobin ƙananan bas na kiran fasinja, mai wake na kwankwasa tukunya, wata 'yar Sudan na fifita gawayin shayi. Ba wanda ya ɗaga kai. Shi kuwa ya rantse akwai taku a bayansa, takun mutane masu yawa. Da ya zo wucewa ta gidan shayi sai dariya ta tashi. Da ƙyar ya saci kallo, ashe wasu ne suka haɗa kai a kan waya ɗaya. Tsoro dai bai bar shi ba, amma a ƙarƙashinsa ya ji wani daɗi yana motsi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Daɗin ne ya ja masa. Gidan burodin unguwar taga biyu gare shi da layi biyu, na maza a dama, na mata a hagu, haka ake yi tun kafin ya zo ƙasar. Kansa ya san Amani ce ta fito, ƙafarsa kuwa ba wanda ya gaya mata. Shekara da shekaru dama take bi, yau ma dama ta bi. Ya shige tsakiyar maza, har da ɗan tura kafaɗa don kada a ci masa wuri.

Shirun da ya biyo baya ne ya farkar da shi. Na bayansa ya ja da baya, na gefe ya daina magana. Ya ji dariyar nan ta taho tun daga tashar garinsu, ta kusa isowa, ya tabbata yanzu hannu zai sauka a kan niƙabin. Ko gudu ya kasa.

Na gabansa ya juyo. Jibrin ne, ɗan Katsina, wanda suka yi zaman ɗaki ɗaya a lokacin karatu, suna ci a kwano ɗaya. Shi ya yi jinyar Ukasha da zazzaɓi ya kwantar da shi a shekararsa ta farko. In akwai mai iya gane idon Ukasha a duk faɗin Alƙahira, to ga shi nan taku ɗaya tsakaninsu.

Jibrin ya dube shi sau ɗaya, ya yi sauri ya sunkuyar da kai. Ya tattare jallabiyarsa don kada ta taɓa abayar, ya faɗi wani abu da Larabci. Da ya ga ba amsa, wataƙila kuma ya lura da baƙar fatar gefen idon, sai ya sassauta murya ya koma Hausa.

"Baiwar Allah, ma'alish, yi haƙuri, layin mata can ne."

Maza suka buɗa hanya. Ukasha ya ratsa ya koma hagu, wata tsohuwa ta matsa masa ba tare da ta kalle shi ba. Ba ihu, ba dariya, kowa ya koma kan burodinsa. Abin da ya yi shekaru yana nema ya samu, kuma daga bakin wanda ya fi kowa saninsa. Daɗi ya cika shi.

Jibrin ya riga shi karɓa. Ya baza burodinsa a kan katako ya sha iska, ya tattara, ya zo wucewa dab da layin mata. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Rabonsu da juna tun ana cewa mahaifiyar Jibrin ba lafiya, Ukasha bai san ko ta tashi ba. Gaisuwa ta taho masa har maƙogwaro, da tambayar jikin Inna, da tsokanar furfurar. Amma murya ɗaya gare shi, kuma Jibrin ya san ta. Ya haɗiye, ya tsaya a cikin mata yana kallon abokinsa ya wuce kai a ƙasa, yana ba shi girman da ake ba matar da ba a sani ba.