Abin da Almakashi Ya Yanke

A gidan rediyon bishara da ke bayan tashar mota akwai wani mutum da ake kira Almakashi. Shi ne mai gyaran murya. Duk wanda ya zo ba da shaida, ya shiga ɗan ɗakin nan da aka manne bangonsa da soso, ya zauna gaban makirufo ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa, to maganarsa hannun Almakashi take faɗawa. Shi zai cire tari da in'ina da dogon numfashi, ya mayar da surutun rabin awa ya zama minti uku cif. Minti uku hedikwata ta ba shirin shaida, ita kuwa hedikwata tana can ƙetaren teku. Can ake tura shirye-shirye mako biyu kafin ranarsu, daga can kuma ake watso su ta gajeren zango zuwa ƙasashe da yawa.

Yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sa shi. Ba ya share abin da ya yanke. Yakan tara shi a wata jaka cikin kwamfuta, ya sa mata suna Wutsiya. Ko shi bai san amfaninta ba, hannunsa ne kawai ba ya iya sharewa.

Wata ranar Talata ƙanwar matarsa ta zo gidansu. Ƙarama ake ce mata, ɗinki take yi. Kwana tara ke nan da binne 'yarta tilo, yarinya 'yar shekara huɗu da ubanta ya laƙaba wa Tsuntsuwa saboda yawan surutu. Uban kuwa, Dogo, bai sani ba. Yana can wajen haƙar ma'adinai a cikin duwatsu inda waya ba ta shiga. Abin da ya sani kawai shi ne yarinya ba ta da lafiya, don wannan saƙon ya same shi ta bakin wani direba kafin a mayar da su sabon rami. Daga nan ba wanda ya san inda za a aika.

"Yaya, na rasa ta inda zan ɓullo," in ji Ƙarama. "Mutum yana can yana fasa dutse, yana lissafin 'yarsa ta warke tana wasa a tsakar gida."

Almakashi ne da bakinsa ya kawo shawara. Ya tuna mata 'yar rediyon da gidan rediyonsu ya rarraba, mai cin hasken rana, wadda ba ta kama kowace tasha sai tasu. Dogo ya tafi da guda, kuma ba ya fashin shirin shaida na Lahadi da yamma.

"Zo ki faɗa da bakinki, ƙanwata. Gara ya ji daga muryarki da ya ji a bakin 'yan tasha."

Washegari ta zo da baƙin ɗankwali, ta zauna gaban makirufo kamar wadda aka kawo kotu. Almakashi yana kallonta ta gilashi. Ya kunna jar fitila ya ɗaga mata yatsa.

Ta fara da faɗin ko ita wace ce, matar wa. Ta faɗi yadda zazzaɓi ya kama Tsuntsuwa, yadda matan majami'a suka kewaye gadon asibiti suna addu'a kwana uku. Ta ce, "A rana ta huɗu sai ta buɗe ido, ta tashi zaune da kanta, ta ce, Mama, ruwa. Na ba ta, ta sha, har ta tambaye ni ina jan takalmin da Baba ya ce zai kawo. Na durƙusa na ce, Ubangiji, na gode maka, na gode maka."

Sannan ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce bayan kwana biyu zazzaɓin ya dawo, yarinya ba ta sake tambayar komai ba. Ta ce, "Baban Tsuntsuwa, in kana jina, mun binne ta kusa da mahaifiyarka. Ban yi fushi da Ubangiji ba, amma na gaji. Ka dawo gida."

Duka-duka minti huɗu da rabi ta yi.

Dokar gidan ita ce ba a tura komai sai Darakta ya saurara. Darakta mutum ne mai tsabta, mai taushin murya, ba ya faɗa da kowa. Ya saurara idonsa a rufe, yana gyaɗa kai. Da aka zo wajen "na gode maka" na biyu, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Minti nawa?"

"Biyu da daƙiƙa hamsin, Yallaɓai."

"To ka ga ikon Allah. Ko awo aka yi sai haka. Sa kiɗa a nan ka rufe."

Almakashi ya ɗauka bai ji daidai ba. "Yallaɓai, ai yarinyar ta rasu. Abin da ya kawo uwar ke nan."

"Na ji. Ubangiji ya ta'azantar da ita. Amma ɗan'uwa, shirin nan sunansa shaida, ba sanarwar rasuwa ba. Ka san mutum nawa ke kwance a asibiti da rediyo a kunne? Ka gaya musu an yi addu'a kwana uku yarinya ta mutu? Kuma shaidar da ba ta ƙare da godiya ba, hedikwata dawo mana da ita take yi, kai ma ka sani."

"Mijin zai ji ya ɗauka ta warke."

"Akwai ƙarya a ciki? Ta tashi ko ba ta tashi ba? Uwar ta gode ko ba ta gode ba? Ba mu ƙara ko kalma ɗaya ba." Ya dafa kafaɗarsa. "Maganar mijin kuma a nemi direba a aika. Hannunka na da kyau, kada ka ɓata shi da tausayi."

Almakashi ya daɗe a zaune bayan fitar Darakta. Ya ce a ransa gobe zai sake yi masa magana. Ya ce zai nemi direban da kansa. Yana ta ce-ce a ransa, hannunsa kuwa yana aikinsa. Ya yanke daidai inda ta ja numfashi, ya shigar da kiɗan a hankali yadda ba mai jin gaɓa. Sauran ya jefa a Wutsiya. Goben ta zo Darakta yana taro, jibi aka tura shirin. Almakashi ya je tashar mota sau biyu, aka ce direban ya canza hanya. A gida kuwa bai ce uffan ba.

Ran Lahadin da za a sa, Ƙarama ta zo gidansu don rediyonsu ta fi ƙara. Suka zauna a falo su uku. Muryarta ta fito tas, ba tari ba rawar baki. Matar Almakashi ta riƙe hannun ƙanwarta tana jiran wurin mai wuya. Sai "na gode maka, na gode maka", sai kiɗa, sai mai gabatarwa yana cewa Ubangiji har yanzu yana warkarwa.

Ƙarama ta ci gaba da kallon rediyon har aka shiga waƙa.

"Yaya, saura fa?"

"Lokaci ne bai isa ba, ƙanwata. Minti uku suke bayarwa."

"Minti uku." Ta gyara ɗankwalinta. "Ashe da na sani da na fara daga kabari."

Ta tashi ta fita ba sallama. Matarsa ta bi ta har bakin titi, ta dawo ta tsaya a kansa.

"Baban yara, kai ka yanke?"

"Darakta ne ya ce."

"Ban tambaye ka wa ya ce ba. Hannun wa?"

Daga ranar abincinsa a rufe yake samunsa kan tebur, ita tana ɗaki.

Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, mai gadi ya leƙo ya ce wani dogon mutum yana neman masu shirin shaida. Almakashi ya fito ya ga Dogo tsaye a baranda, ya rame, ƙura har gira, jaka a kafaɗa, leda a hannu. Daga mota ya sauko, ko gida bai je ba, tun da tashar mota tana jikin katangar gidan rediyon.

"Yaya!" Ya rungume shi har sai da ƙafarsa ta bar ƙasa. "Kai, har yanzu ba ka yi ƙiba ba? Me Antin take ba ka, takarda? Yaya, na ji! A bakin rami na ji, da ni da mutum goma sha ɗaya. Na yi ta tsalle kamar mahaukaci. Wani arne-arnen abokina ma ya ce daga yau zai riƙa saurara. Na ce kafin in taka gida sai na zo na yi godiya inda aka yi mini albishir."

Ya buɗe ledar. Jan takalmi ne ɗan ƙarami mai maɓalli a gefe.

"Na ƙara lamba ɗaya, ka san yara da saurin girma."

Bakin Almakashi ya buɗe, amma Darakta ya riga ya fito daga ofis. Ya ji komai. Ya kama hannun Dogo da hannu biyu, ya yi masa barka da hanya, ya ce mutum goma sha ɗaya a bakin rami ba ƙaramin abu ba ne, irin wannan ne 'yan'uwa na ƙetare suke marmarin ji. Ko zai shiga ya faɗa da bakinsa? Minti uku kawai.

Almakashi ya ja shi gefe. "Yallaɓai, bai sani ba."

"Na lura. A ɗauka tukuna, in ya fito sai mu zaunar da shi mu gaya masa a hankali, da addu'a. In ka gaya masa yanzu, wa ya amfana?"

Dogo ya shiga ɗakin soso yana dariya, ya ce ɗakin kamar cikin katifa. Aka sa masa abin ji a kunne. Ya ɗora takalmin a kan tebur kusa da makirufo. Jar fitila ta kama.

Ya iya magana, Dogo. Ya faɗi yadda ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci, yadda yake ɗora rediyon a kan dutse ta sha rana. Ya faɗi yadda ya ji muryar matarsa ya jefar da shebur. Ya ce duk mai ɗa a kwance kada ya fid da rai. Ya ce, "Tsuntsuwa, ga Baba ya zo, ga takalminki." Darakta yana tsaye bayan Almakashi yana ta gyaɗa kai.

Almakashi ya dubi takalmin. Ya dubi ƙofa, ya tuna daga nan zuwa gidan Ƙarama tafiyar minti goma ce, kuma duk wanda Dogo ya gamu da shi a hanya zai yi masa gaisuwar mutuwa. Ya buɗe Wutsiya. Bai nemi izini ba. Ya tura sauran maganar Ƙarama cikin kunnen Dogo.

Daga wajen gilashi ba a jin abin da yake ji. Fuskarsa kawai ake gani. Da farko ya yi murmushi, don ya gane muryar. Ya ɗan karkata kai. Sannan murmushin ya tsaya a inda yake, bai tafi ba, bai kuma ƙaru ba. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Da ta ƙare ya cire abin kunnen ya ajiye a hankali, ya dubi Almakashi ta gilashi.

"Yaya, wannan yaushe ta faɗa?"

Almakashi ya danna maɓallin magana. "Rana ɗaya ce. Duk tare ta faɗa."

"To wa ya raba?"

Dogo ya sa hannu ya ɗauki takalmin, ya rasa yadda ake mayar da shi cikin leda, ya yi ta ƙoƙari ledar tana zamewa. Sautin da ya fito daga ƙirjinsa daga baya ya sa allurar na'ura ta buga har ƙarshe. Darakta ya shiga da sauri yana cewa bari mu yi addu'a, Dogo ya ratsa ta gefensa ya fita. Almakashi ya bi shi har bakin ƙofa yana kiran sunansa.

"Kada ka biyo ni," in ji Dogo, bai ko juyo ba. "Na san hanya."

Da Almakashi ya koma, Darakta yana zaune a kujerar gyaran murya yana sauraron abin da aka ɗauka. Bai yi faɗa ba. Ya ce abin da Almakashi ya yi rashin hikima ne, za su yi maganarsa daga baya. Ya nuna allon kwamfuta da biro.

"Amma na farkon nan yana da kyau ƙwarai. Daga gaisuwa zuwa wajen takalmi. Duba mini, nawa ne?"

Almakashi ya duba. "Biyu da hamsin da biyar."

"To. Ka gyara kafin a tashi, gobe ake turawa."

Ya fita ya ja ƙofa. Almakashi ya zauna a kujerar, da sauran ɗumin Darakta a jikinta. Ya sa abin ji a kunne. Akwai wani ɗan tari a daƙiƙa ta ashirin, ya cire shi. Ya yanke daidai bayan "ga takalminki", ya shigar da kiɗa a hankali. Sauran, tambayoyin nan biyu da ƙarar leda da abin da ya biyo baya, ya ja su ya jefa a Wutsiya, suka zauna a ƙarƙashin na Ƙarama.