Tarar Kantin Marlys

Da kantin kayan abinci ɗaya tilo na garinmu a jihar Nebraska ta Amurka ya rufe, Marlys Dvorak ce ta sake buɗe shi. Ta sayar wa maƙwabta hannun jari, ta gyara firji, ta zuba kaya. Kuskurenta shi ne ta nemi masu saye ta gidan rediyon gunduma, cikin shirin da manoma ke tallar tsofaffin taraktoci. Tallata hannun jari ga jama'a ba rajista laifi ne, ko da mutum bai ci kuɗin kowa ba.

Jami'in da jiha ta turo, wani Tolliver, ya iso yana tari. Ya zauna bisa buhun dankali ya karanta mata hukunci: tarar dala dubu biyar, kuma ta yi wa duk mai hannun jari tayin mayar masa da kuɗinsa har da ruwa.

"Wa na cuta, ranka ya daɗe?" in ji ta.

"Ba kowa, Malama. Da kin cuci wani ma da aikina ya fi sauƙi."

"In kowa ya karɓi nasa fa?"

"Sai ki rufe." Ya sayi maganin tari, ya biya, ya tafi.

Tarar ta biya daga ajiyarta. Tayin kuwa gida-gida ta kai shi, bayan ta tashi aiki. Yawanci dariya suka yi mata. Matar fasto ta ce, "Ke, in na karɓa ina zan sayi madara? A wurin gwamna?"

Saura Vern Kucera, tsohon manomin da kasonsa ya fi na kowa, kusan kashi ɗaya cikin uku. Tun bazara matarsa take gidan jinyar tsofaffi a birni. Marlys ta same shi a kicin yana cin wake cikin gwangwani.

"Kawu Vern, doka ce ta sa in tambaye ka. Ka ce a'a in wuce."

"Zauna, yarinya." Shekarunta sittin. "Har da ruwa kika ce?"

"Har da ruwa."

Ya daɗe yana juya cokali. "Ni da bakina ba zan taɓa roƙonki ba, kin sani. Amma mutanen gidan jinyar can ba sa jira. Sun ce ƙarshen wata."

"To."

"Kada ki ce mini to haka. Zage ni mana."

"Na gaji, Kawu. Ga takardar, sa hannu a nan."

Ta sayar da firjin nama da motar kawo kaya ta biya shi. Kantin bai rufe ba tukuna. Burodi ne da kayan gwangwani kawai, kwana uku a mako ake buɗewa. Nama sai an je birni, tafiyar awa guda. Ran Asabar Vern ne ke ɗaukar saƙon mutane in zai je duba matarsa. Marlys ma takan ba shi nata.